Sharhi kan Cluedo, wasan gano wanda ya kashe mai gida

A Ingila, ƙarshen watan Disamba rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma. Sanyi ya hana fita, dangi sun cika gida domin Kirsimeti, an ci an ƙoshi, saura a nemi abin da zai riƙe yaro ɗan shekara tara da kakarsa a teburi ɗaya. Akwai irin ƙagaggen labarin da masu buga littattafai a can suke fitarwa musamman don wannan lokaci. Mutane kaɗan ne waɗanda duk sun san juna, a ƙaramin ƙauye ko a wani babban gida da dusar ƙanƙara ta toshe hanyarsa, sai a wayi gari da gawa. Ba a nuna jini, ba a kwatanta azaba, kuma ba baƙo ne ya shigo ya yi kisan ba, ɗaya daga cikin waɗanda ake shan shayi da su ne. Daɗin labarin duk yana wurin tambaya ɗaya: wane ne? Cluedo wannan labarin ne aka tsame ƙashinsa aka zuba a kwali.

Hukuncina a kansa tun daga farko shi ne ya cancanci saye, in dai za a samu mutum uku zuwa biyar a teburi kuma za su yarda su riƙe fensir da gaske. Wanda ya ɗauka wasan yana kan allo zai gaji da shi kafin a yi zagaye biyar. Ainihin wasan yana kan 'yar takardar da ke gaban kowa.

Anthony Pratt ne ya ƙirƙiro shi, mutumin Birmingham, makaɗin fiyano wanda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya koma aiki a masana'anta. Matarsa Elva ce ta zana allon. Ya nemi rajistar ƙirƙirar a 1944, aka ba shi a 1947, amma ƙarancin kayan aiki na bayan yaƙi ya sa kamfanin Waddingtons na Leeds bai fitar da shi kasuwa ba sai 1949. An haɗa sunan ne daga kalmar Turanci mai nufin alamar da ke kai mai bincike ga gaskiya da kuma sunan wasan lido. A Amurka kamfanin Parker Brothers ya buga shi da sunan Clue, yanzu kuwa duka biyun suna hannun Hasbro. A 1953 Pratt ya sayar da haƙƙinsa na ƙasashen waje a kan fam 5,000, bai san inda wasan zai kai ba.

Idan ka buɗe akwatin za ka tarar da allo mai ninkewa wanda aka zana taswirar gida a kai, ɗakuna tara kewaye da tsakiya: zaure, falo, ɗakin cin abinci, kicin, ɗakin rawa, ɗakin shuke-shuke mai bangon gilashi, ɗakin biliyad, laburare, da ɗakin nazari. Akwai 'yan mutum-mutumi shida, kowanne da launinsa da sunansa, a tsohon bugu su ne: Mis Scarlett ja, Kanar Mustard ruwan ɗorawa, Madam White fara, Rabaran Green kore, Madam Peacock shuɗiya, Farfesa Plum shunayya. Akwai ƙananan makamai shida: mariƙin kyandir, wuƙa, bututun dalma, libarba, igiya da sifana. Sai ɗan lido, wato ɗan ƙwallon nan mai fuska shida da ɗigo-ɗigo, wanda akwatunan yanzu suke zuwa da guda biyu, sai ambulan ɗaya, da kundin takardun bincike. Zuciyar kayan kuwa kati 21 ne, shida na mutane, shida na makamai, tara na ɗakuna. Mai gidan da aka kashe, Dakta Black a bugun Birtaniya, ba shi da kati, domin shi nasa ya ƙare tun kafin a fara.

Abu na farko da za a yi da kowane akwati, sabo ne ko na hannu, shi ne a ƙirga katunan nan. Shida, shida, tara. Idan wuƙa ta ɓata, ashana ma za ta tsaya a madadinta, don makaman ado ne kawai, ba su da tasiri a lissafi. Amma idan kati ɗaya ya ɓata wasan ya lalace gaba ɗaya, kuma ba za a gane ba sai an yi nisa. Dalili shi ne duk dabarar wasan ta tsaya a kan ƙa'ida guda: katin da ba ya hannun kowa yana cikin ambulan. Da zarar wani kati yana ƙarƙashin kujera, an sami katuna biyu a rukuni ɗaya da babu mai su, mutum ya yi lissafinsa daidai ya faɗi ba da laifinsa ba. Haka ma katin da ya lanƙwashe ko bayansa ya yi tabo. In kowa ya haddace cewa mai yagaggen gefen nan shi ne laburare, asiri ya tonu tun wurin rabo. Mai sayen tsohon akwati ya ƙara lura da abu ɗaya: bututun da ke cikin bugun farko-farko dalmar gaske ce, bai kamata ya shiga bakin yaro ba. Su ma sauran makaman ƙanana ne da jariri zai iya haɗiya.

Shiri ba ya wuce minti biyar. A ware katunan kashi uku, a cakuɗa kowane kashi shi kaɗai a kife, a zare ɗaya daga kowanne ba tare da an duba ba, a zura su a ambulan, a ajiye a tsakiyar allo. Wannan shi ne mai kisan, da makamin, da ɗakin. Daga nan a haɗe 18 ɗin da suka rage a cakuɗa su sosai tare, sannan a raba. Kurakurai biyu ake yawan yi a nan. Na farko, a cakuɗa duka 21 tun farko a zari uku, sai a ƙare wasa a buɗe ambulan a ga makamai biyu da ɗaki, babu mutum. Na biyu ya fi ɓoyuwa: a ɗora kashi ukun a kan juna a yi musu cakuɗar ganin dama, sai wani ya tashi da ɗakuna huɗu a hannu wani da makamai zalla. Wannan bai karya doka ba, amma mai ɗakuna da yawa ya sami fifiko babba, zan faɗi dalili a gaba. A kuma jera mutum-mutumin nan shida duka a gurabensu ko da mutum uku ne ke wasa, saboda wanda ba a riƙe ba ma ana iya zarginsa, kuma yana iya zama shi ne.

Shida sau shida sau tara, amsoshi 324 ke nan masu yiwuwa. Amma kafin a jefa ɗan lido ko sau ɗaya adadin ya riga ya faɗo. Ɗauki wanda ya sami kati biyar: Kanar Mustard, Madam Peacock, igiya, falo da laburare. Saura mutum huɗu, makami biyar, ɗaki bakwai, wato 140.

Yadda ake tafiya mai sauƙi ne. A tsohuwar ƙa'ida Mis Scarlett ce ke farawa, a bi ta hagu. Ka jefa ɗan lido, ka taka gurabe gwargwadon abin da ya fito, gaba ko baya ko gefe, ba a yanke kwana, ba a tsallake wani, ba a shiga ɗaki sai ta ƙofa. Idan ka shiga ɗaki sai ka yi zato da babbar murya: "Ina zaton Farfesa Plum ne, da igiya, a zaure." Dole ɗakin da ka ambata ya zama wanda kake tsaye a ciki. Mutum da makami kuwa kowanne ka ga dama, sai a ɗauko su a kawo ɗakin. Na hagunka ya duba hannunsa. In yana da ɗaya daga cikin ukun, ya nuna maka shi kai kaɗai. In yana da biyu, shi zai zaɓi wanda zai nuna, ɗaya tak. In ba shi da ko ɗaya ya faɗa, a wuce na gaba. Da an nuna kati ɗaya tambaya ta tsaya. Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to a nan zato shi ne kayan aiki, ana yinsa kowane zagaye kuma ba ya jawo komai. Tuhuma ce mai tsada. Sau ɗaya ake yin ta a wasa: ka faɗi ukunka, ka leƙa ambulan kai kaɗai. In ka dace ka baje su a teburi, an gama. In ka kuskure ko da ɗaya ne, ka mayar da su shiru, ka fita daga takara, amma za ka ci gaba da zama kana nuna wa masu tambaya katunanka.

Yanzu ga inda wasan yake. Takardar bincike jerin sunaye 21 ce da layuka a gefe. Yawancin masu wasa abin da suke yi shi ne su soke katin da aka nuna musu, shi ke nan. Mai yin haka yana samun labari ɗaya a kowane zagaye, sauran lokacin yana zaune yana jiran a zo kansa. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke cewa wasan sa'a ne. Ba sa'a ba ne, ba su saurara ba ne.

Hanyar da ta dace ita ce a ba kowane mai wasa layinsa daga sama zuwa ƙasa, a rubuta harafin farko na sunansa a kai. Alamu uku sun isa. Alamar eh idan ka tabbata katin yana hannunsa. Kuros idan ka tabbata ba ya hannunsa. Lamba idan ya nuna wa wani kati ba ka ga ko wanne ba ne: sai ka rubuta 1 a gurabe ukun da aka tambaya a ƙarƙashin sunansa, tambaya ta gaba 2, haka dai. Kalmar "ba ni da shi" ita ce mafi daraja a teburin, domin kuros uku take ba ka a kyauta, kuma kowa ya ji ta.

Ga misali da hannun nan na ɗazu. Ku huɗu ne, kai da na hagunka, da na gabanka, da na damanka. Na hagu ya shiga zaure ya ce Plum, igiya, zaure. Na gaba ya ce ba shi da ko ɗaya. Na dama ya miƙa kati a kife. Mai wasan ganin dama bai rubuta komai ba, tunda ba shi aka nuna wa ba. Kai kuwa ka san igiya tana hannunka, saboda haka abin da na dama ya nuna ko Plum ne ko zaure. Ka kuma san na gaba ba shi da Plum, ba shi da zaure. Can bayan zagaye biyu na gaba ya shiga kicin ya ce Plum, sifana, kicin. Na dama ya girgiza kai, ba shi da ko ɗaya. To magana ta fito: tunda ba shi da Plum, katin da ya nuna ɗazu zaure ne. Ka soke zaure ba tare da kowa ya nuna maka shi ba. Bayan haka Plum ba ya hannunka, ba ya hannun na gaba, ba ya hannun na dama. Ko yana wurin na hagu, ko yana cikin ambulan. Sai ka nufi falo, wanda katinsa ke hannunka, ka ce Plum, igiya, falo. Biyu daga ciki naka ne, babu mai iya nuna su, don haka tambayar ta zama ƙwaya ɗaya. In na hagu ya miƙo kati, Plum ne, ka wanke shi. In ya ce babu, ka kama mai kisan.

Wannan dabarar ta sa katinka cikin zato halal ce a dokar wasan, kuma ita ce makami mafi kaifi. Sai dai tana da farashi. Idan tambaya ta zagaye teburi babu wanda ya amsa, kowa ya fahimci cewa kowanne daga cikin ukun nan ko yana hannunka ko yana ambulan. Mai kunne zai rubuta. Kuma wanda kullum igiya yake ambata, ba a daɗewa ake gane tasa ce. Shi ya sa ake sauya katin da ake fakewa da shi.

Akwai ƙananan abubuwa uku da suke raba gwani da ɗan koyo. Ɗaya, ƙirga hannun mutane. In ka san na gabanka kati huɗu gare shi kuma ka gano huɗun, duk sauran layinsa kuros ne, sau da yawa a nan amsa take faɗowa. Biyu, rubuta wa ka nuna wa me. Idan wanda ka taɓa nuna wa Mustard ya sake tambaya da Mustard a ciki, sake nuna masa shi, ya tashi a tutar babu. Uku, in kana da zaɓi tsakanin nuna ɗaki da nuna mutum ko makami, riƙe ɗakin. Mutum da makami ana iya tambayarsu daga ko'ina, amma ɗaki sai an taka an je, ga su kuma tara. Kusan kowane wasa a kan ɗaki yake maƙalewa a ƙarshe, kowa ya san wane ne da kuma da me, ana ta tsere a kan a ina. Dalilin da ya sa mai ɗakuna huɗu a hannu ya fara da ƙafar dama ke nan.

Allon ma yana da nasa sirrin. A tsohon zane ɗakunan kusurwa huɗu, wato kicin, falo, ɗakin nazari da ɗakin shuke-shuke, ƙofa ɗaya-ɗaya gare su. Ɗakin rawa yana da huɗu, zaure uku, sauran bibbiyu. Amma kusurwoyin suna da ɓarauniyar hanya: kicin da ɗakin nazari a haɗe suke, falo da ɗakin shuke-shuke haka. Bin wannan hanya ba ya buƙatar jefa ɗan lido, kai tsaye kake faɗawa ɗaya ɗakin ka yi zato. Tunda a yawancin bugu ba a yarda ka zauna a ɗaki ɗaya kana maimaita zato ba, wanda ya kama ɗaya daga cikin layukan nan biyu yana iya kai-kawo yana tambaya kowane zagaye, yayin da wasu ke yawo a baranda. In kuwa katin ɗaya daga ɗakunan biyu yana hannunsa, ya sami sansani. Madam Peacock tana farawa kusa da ɗakin da za ta fara shiga da gurbi ɗaya fiye da kowa, Farfesa Plum kuma yana kusa da ɗakin nazari, daga nan ya zarce kicin, wanda shi ne ya fi wuyar kaiwa da ƙafa.

Aibinsa mafi girma shi ne ɗan lidon nan. Wasan tunani ne aka ɗaura masa ƙafar wasan sa'a. Da ɗan lido biyu abin da ya fi fitowa bakwai ne, sau 6 cikin 36, kuma samun takwas ko fiye sau 15 ne cikin 36, bai kai rabi ba. Ma'ana mutum yana iya shafe zagaye biyu ko uku a baranda bai yi tambaya ko ɗaya ba, ba don ya yi kuskure ba. A tsofaffin akwatuna masu ɗan lido ɗaya abin ya fi muni, domin matsakaicin tafiya uku da rabi ne. Gyaran da na fi gamsuwa da shi, kodayake ba ya cikin takardar doka, shi ne a yarda tun farko cewa duk abin da ya gaza shida a lissafa shi shida. Wasu kan ajiye ɗan lidon kwata-kwata, kowa ya matsa ɗakin da ke maƙwabtaka da nasa a kowane zagaye. Wannan yana gajarta wasa sosai, amma yana kashe darajar ɓarauniyar hanya, don haka na fi son na farkon.

Na biyu shi ne jan mutum. Tunda duk wanda aka ambata a zato ana ɗauko mutum-mutuminsa a kawo ɗakin, ana iya fizge ka daga bakin ƙofar da ka sha wuya ka isa a jefa ka can ɗaya ƙarshen gidan. Tsakanin manya wannan dabara ce mai kyau, har ma hanya ce ta tare wanda ka ga ya kusa gamawa. Ga yaro kuwa abin kuka ne. A bayyana masa tun kafin a fara, a kuma gaya masa ribar da ke ciki: wanda aka jawo yana da damar yin zato a ɗakin nan take idan layi ya zo kansa, ba sai ya jefa komai ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ɓata dare, kuma ba a ganinsa sai an gama. Wani ya duba hannunsa a gurguje ya ce, "Baba, ba ni da ko ɗaya," alhali sifana tana maƙale a bayan wani kati. Ba ƙarya ya yi ba, bai gani ba ne. Amma kowa ya rubuta kuros, lissafin kowa ya gurɓace, kuma wanda ya fi kowa iya wasa shi zai fara faɗawa ramin, domin shi ne ya fi dogara da abin da ya ji. Maganinsa abu biyu. Mai zato ya maimaita ukun a hankali, kuma mutum-mutumi da makamin su kasance a cikin ɗakin kowa yana gani, wannan ne ma amfanin makaman na gaskiya. Sannan yaron da bai kai shekara takwas ɗin da aka rubuta a kwali ba a haɗa shi da babba su zama hannu ɗaya, shi ya riƙa jefa ɗan lido yana miƙa kati, babban ya riƙe fensir.

Sai zaman wanda ya yi tuhuma ya faɗi. Idan ya yi gaggawa a minti na goma sha biyar, zai iya shafe rabin awa yana miƙa kati kamar ɗan aike. Inda akwai wanda ba ya wasa a ɗakin, a ba shi ambulan ya riƙe, shi zai duba ya ce eh ko a'a. Da haka mai kuskure bai ga amsa ba, sai a hukunta shi da rasa zagaye biyu ya dawo. A kuma cire mutum-mutumin wanda ya fita daga bakin ƙofa, kada ya toshe wa mutane hanya.

Yawan masu wasa yana sauya ɗanɗanonsa fiye da yadda kwali yake nunawa. Mutum uku kowa kati shida, wasa mai sauri da kaifi, amma da an ce "babu" sau ɗaya labari ya yi yawa. Mutum shida kowa kati uku, rabo daidai, sai dai jira yana da tsawo kuma abin rubutawa yana fin ƙarfin mai koyo. Huɗu da biyar ba sa raba 18 daidai. A tsohuwar doka, a huɗu biyu suna da biyar biyu suna da huɗu, a biyar kuwa uku suna da huɗu biyu suna da uku. Sababbin dokoki sun gyara wannan da cewa a baje ragowar a buɗe kowa ya soke, biyu a wasan mutum huɗu, uku a na mutum biyar. A ɗauki wannan gyaran ko da tsohon akwati ake amfani da shi. A ganina huɗu ne daidai wa daida, yawanci tsakanin rabin awa da awa ɗaya an gama. Akwatunan yanzu suna rubuta cewa mutum biyu ma za su iya, ta hanyar ajiye kati huɗu a kife a gefe. Yana yiwuwa, amma babu sauraren tambayar wasu, wanda shi ne gishirin wasan. Kada a saya don mutum biyu.

Wane bugu za a nema? Wanda ya fi kusa da na asali. A 2008 Hasbro ya fitar da wani sabon salo mai gidan zamani da makamai tara da katunan agogo waɗanda na takwas ɗinsu ke fitar da mutum daga wasa ba gaira ba dalili. Wannan ƙarin sa'a ne a kan wasan da sa'a ta riga ta yi masa yawa. A 2016 an cire Madam White aka sa Dakta Orchid, a 2023 kuma aka sake fasalin mutanen, White ta dawo a matsayin shugabar masu girki, Green ya zama magajin gari. Sauyin suna ba ya taɓa lissafi, muddin shida, shida, tara ne. Wasu bugu suna zuwa da katunan garaɓasa masu ba da ƙarin tafiya ko leƙen katin wani. A bar su a kwali har sai kowa ya iya takarda. A kuma karanta doka a kan wurin yin tuhuma kafin a fara, domin a tsohon tsari daga ko'ina ake yi, a wasu sababbi kuwa sai an taka zuwa tsakiyar allo, kuma wannan gardama ce da ba a so ta tashi a minti na ƙarshe.

Mai son littattafan nan na kisa a ƙauye ranar biki ya san abin da zai samu da abin da ba zai samu ba. Zai sami rufaffen gida, da mutane ƙalilan, da kisa marar jini, da daɗin tsefe magana har gaskiya ta fito. Ba zai sami dalili ba. A littafi abin da ke riƙe mai karatu shi ne gado da aka hana, ko tsohuwar wasiƙa, ko gabar shekara talatin tsakanin maƙwabta. A nan babu wanda ya san me Dakta Black ya yi wa kowa, har mai riƙe da Plum bai san shi ne ya yi kisan ba, kuma yana iya cin wasa ta hanyar tuhumar kansa. Wannan giɓi ne na gaske, kuma kwalin bai cike shi ba. Abin da ke cike shi ƙa'ida ce 'yar ƙarama da za a ƙara a gida: wanda ya buɗe ambulan ba a ba shi nasara sai ya tsara, cikin jimla huɗu ko biyar, me ya kai Kanar laburare da mariƙin kyandir a hannu. Yara sun fi manya iya wannan.

Kundin takardun bincike yana ƙarewa, kuma a wasan mutum biyar yana ƙarewa da wuri. Kafin a yage ta farko a ware guda ɗaya mai tsabta a ajiye a ƙasan kwali don a riƙa yin kwafinta, in da hali a faɗaɗa ta, domin gurabenta sun yi ƙanƙanta ga mai rubuta lambobi. Ba kowane akwati ke zuwa da abin rubutu ba, a tanadi fensir mai magogi ga kowa, ba biro ba, tunda lambobin nan gogewa ake yi idan sun warware. A ninke takardar biyu yadda na kusa ba zai ga inda hannu ya sauka ba, don ko daga nesa ana gane mutum ya yi alama a saman takarda ne, wurin mutane, ko a ƙasa, wurin ɗakuna. Idan an tashi, a fara ciro ukun da ke cikin ambulan, a ƙirga 21, a ɗaure su da roba kafin a rufe kwali.